Daga bas biyu zuwa rabin bas: yadda wata makarantar zango a Kumasi ta gyara yawon ilimin ɗalibanta

Makarantar da yawon da ta saba yi

Makarantar tana cikin zangunan yankin Asawase da Aboabo a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, irin waɗanda ake haɗa boko da Arabiyya tun daga firamare har ƙaramar sakandare. Ɗalibanta 'ya'yan Hausawa ne da Mosawa da Dagwamba da Kotokoli da Zabarmawa da Gurunsawa, amma a filin wasa da wurin mai koko duk Hausa suke yi. Iyayensu 'yan kasuwa ne a Kejetia da Aboabo, da direbobi, da teloli, da mahauta.

Kowace shekara ana fita da 'yan ƙaramar sakandare yawon ilimi na yini guda. Malamin darasin zamantakewa aka ɗora wa aikin a 2018, kuma tsarin da ya tarar shi ne a bi wurare huɗu tsakanin hantsi da magariba: gidan tarihin fadar Manhyia, tsohon ginin gargajiya na Besease kusa da Ejisu, masaƙan kente na Bonwire, sai a ƙare a bakin tafkin Bosomtwe.

Babu na yarwa a cikinsu. Gidan Manhyia Turawan Ingila ne suka gina shi a 1925 don Asantehene (sarkin Asante) Prempeh na ɗaya, bayan ya dawo a 1924 daga tsibiran Seshel inda aka kai shi zaman dole, kuma a 1995 aka mayar da shi gidan tarihi. Ginin Besease, wanda ɗakin ibadar gargajiya ne, yana cikin 'yan tsirarun gine-ginen Asante na dā da suka tsira, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980. Bosomtwe kuwa, mai nisan kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, rami ne da wani dutse daga sararin samaniya ya fasa shekaru wajen miliyan ɗaya da suka wuce, ruwa ya cika shi, tsaunuka masu duhuwa suka zagaye shi.

2018 zuwa 2019: alamun farko

A 2018 bas biyu suka cika. Bayan an dawo malamin ya sa kowa ya rubuta shafi ɗaya kan abin da ya gani. Kusan duk takardun labarin shinkafar da aka ci ne, da kiɗan cikin mota, da wanda ya fi yin kyau a hoto. Waɗanda suka ambaci Manhyia ba su wuce faɗin cewa sun ga kujeru da mutum-mutumin sarakuna ba.

Yadda yinin ya gudana ya bayyana dalili. A Manhyia ɗalibai sama da tamanin suka cunkushe bayan ɗan jagora, na gaba suna ji, na baya suna hira. A Besease wasu sun ƙi sauka daga mota, suka ce a gida an hana su shiga ɗakin tsafi. Kafin a isa tafki la'asar ta yi, an haɗa azahar da la'asar a gefen hanya cikin gaggawa, wasu ma ba su yi ba saboda babu ruwan alwala.

Ƙorafin iyaye ya biyo baya a taron iyaye da malamai, kuma kan salla da ɗakin tsafi aka fi tsayawa. Shugaban makarantar ya ɗauka armashi ne ya yi ƙaranci. Don haka a 2019 aka buga riguna masu sunan makaranta, aka ɗauki hayar lasifika, aka ƙara nama a abinci. Kuɗin da kowane yaro zai biya ya hau. Wuraren zuwa ba su canza ba. Bas ɗaya da 'yan kujeru a ta biyu aka samu, sai aka soke ta biyun aka matsa yaran cikin guda.

2020 zuwa 2022: rufewa, tsada, da abin da ya faru a tafki

An rufe makarantun Ghana a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, yawancin ɗalibai ba su koma aji ba sai Janairun 2021. Shekara biyu ba a fita ba.

Da aka so farfaɗo da yawon a 2022, tsadar rayuwa ta riga ta kama kowa. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar, kuma hayar mota na bin farashin mai kusan mako-mako. Shawarar da aka yanke ita ce a rage komai: a cire Manhyia da Besease da Bonwire, tunda su ne masu kuɗin shiga kuma su ne masu jawo magana, a tafi tafki kawai a wuni. Rabin bas aka samu.

A bakin ruwa, a ƙauyen Abono, babu wani abin da aka tsara wa yaran su yi. Maza suka shiga wanka. Wani yaro ya zarce inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya fara shan ruwa, sai wani masunci da ke kan gungumen katakon da mutanen wurin ke kamun kifi a kai ya janyo shi. Allah ya kiyaye, yaron ya koma gida da ƙafarsa. Amma labarin ya riga motar isa zango. Cikin mako guda mai makarantar ya dakatar da yawon har sai abin da hali ya yi.

Farkon 2023: bin gida-gida

Malamin bai sake kiran taro ba. Ya riƙa bin iyaye ɗaya-ɗaya, maza a ƙofar masallaci bayan isha'i, mata kuma ta hannun wata malamar makarantar da ke shiga gidaje. Tambayarsa ɗaya ce: me zai sa ka yarda ɗanka ya tafi?

Kuɗi ya fito a amsoshin, amma ba yawansa ne ya fi damun mutane ba, neman a biya shi dunƙule cikin mako biyu ne. Tsoron ruwa ya fito, salla ma ta fito. Abu na huɗu, wanda malamin bai zata ba, daga bakin wani dattijo ya zo, tsohon ɗan goro da jikokinsa uku ke makarantar. Ya ce masa: "Malam, ka kai su gidan sarkin mutane, ka kai su ɗakin ibadar mutane, ka kai su ruwan mutane. To nasu fa, yana ina?"

Dattijon ya ba shi labarin da ya ji daga mahaifinsa na fataucin Gwanja, yadda ayari ke tasowa daga Kano da Sakkwato da jakuna, wata da watanni a hanya, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro. Malamin ya san Salaga, babbar kasuwar Gwanja ta dā a arewacin Ghana, a littafin makaranta, layi biyu ne kan cinikin bayi. Bai taɓa haɗa ta da yaran da ke zaune gabansa ba.

Daga nan ya je wurin limamin unguwa da batun Besease. Liman ya bambanta kallon gini don ilimi da shiga cikin ibadar da ake yi a cikinsa, ya kawo ayoyin da ke umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Ya gindaya sharuɗɗa: yara ba za su tsaya inda ake zuba giya a ƙasa ba, makaranta ba za ta sayi komai na wannan hidima ba, ba za a tilasta wa kowa shiga ba, kuma a tsara tafiya a kan lokutan salla, ba a cusa salla a inda ta samu wuri ba. Ya yarda ya faɗi haka da bakinsa a taron iyaye, kuma ya faɗa.

Tsakiyar 2023: karatu kafin tafiya

Sabon tsarin ya raba yawon gida biyu. Akwai na kusa, yini guda, wuri biyu kacal. Akwai na nesa, kwana uku zuwa Salaga, na 'yan ajin ƙarshe kaɗai. Kuɗi kuma ya koma adashi: kowane yaro na zuba kaɗan duk Juma'a tun farkon shekara, iyayen da suka fi so su tura ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, malamar na riƙe da littafi.

Babban sauyin shi ne zaman Asabar shida kafin a tashi, wanda duk mai son tafiya dole ya halarta. A nan aka shigo da Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda malaman zango suka san sunansa amma yaran ba su taɓa ji ba. An haife shi a Kano wajajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar fatake ya zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya zama liman kuma ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausar ajami: kan rikicin Salaga, kan zuwan Nasara, kan talauci da wadata, har da annobar murar 1918. Ya yi aiki da Bajamushe Adam Mischlich lokacin da Krachi ke hannun Jamus, ya rubuta masa bayanai masu yawa kan rayuwar ƙasar Hausa. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon ta tattara kwafen rubuce-rubucensa da na wasu malamai a shekarun 1960, kuma ta hannun wani tsohon ɗalibin makarantar da ke karatu a can malamin ya samo 'yan shafuka.

A nan wani abu ya bayyana wanda ya kamata a tsaya a kansa. Yaran nan, da ake yi wa kallon masu rauni a Turanci, sun iya harafin Larabci tun suna ƙanana saboda makarantar allo. Da aka miƙa musu shafin ajami, sun yi ta tuntuɓe a farko, saboda rubutun hannu ne irin na dā kuma Hausar ta tsufa. Wani malamin zaure ya zauna da su Asabar biyu, yana karantawa suna bi. A zama na uku yaran da ke zama a bayan aji ne suka fi kowa saurin kamawa. Wasu kalmomin da suka gagare su sun kai gida, kakanni suka warware musu. Ta haka karatun ya shiga gidajen da suka ƙi yawon tun 2019.

An kuma koya musu dalilin da ya sa Salaga ta zama abin da ta zama. Goro a kurmin Asante yake fitowa, amma a yawancin ƙarni na 19 sarakunan Kumasi ba sa barin fataken arewa su gangaro kurmi, sai dai a haɗu a Salaga. Da Ingila ta ci Kumasi a 1874 ikon Asante ya sassauta a can, ciniki ya fara watsewa zuwa Kintampo da Atebubu da Kete Krachi. Bayan 1900 hanya ta buɗe har cikin Kumasi, zangunan da yaran ke zaune a ciki suka bunƙasa.

Disamba 2023: tafiyar Salaga

An so tafiya a Oktoba. Amma tafkin Volta ya cika a daminar, har aka fara sakin ruwa daga madatsar Akosombo a tsakiyar Satumba, garuruwa da dama suka sha ambaliya. Iyaye suka ce a jira. Aka ɗaga zuwa Disamba, cikin hunturu.

Ɗalibai 18 suka tafi, biyar mata. Manya huɗu ne: malamin, malamar, dattijon ɗan goro, da wata uwa da iyaye mata suka zaɓa da kansu. An bi ta Mampong, inda hanya ke hawa tsauni tana lanƙwasa, kurmi na shimfiɗe a ƙasa. An ba kowane yaro aikin rubuta inda ya ga itatuwa sun fara gajarta. Yawancinsu wajen Ejura suka nuna, inda gonakin masara da doya ke buɗewa. Daga nan Atebubu, sai Prang da mutanen zango suka sani saboda maulidinta, sai Yeji a bakin tafki.

A Yeji tsarin ya karye. Jirgin fito mai tsallakawa zuwa Makango bai tashi a lokacin da aka yi lissafi ba. Masu kwale-kwale suka yi tayin tsallakar da su, malamin ya ƙi, domin kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙarƙashin tafkin kuma sun sha kifar da jirage. Aka kwana a Yeji, maza a wani masallaci, mata a gidan wata 'yar'uwar dattijon. Wannan ya cinye rabin yinin da aka ware wa Salaga.

Abin da ya rage na lokacin an kashe shi a wuri uku: filin tsohuwar kasuwa, rijiyoyin da garin ya yi suna da su, da wurin da ake kira Wankan Bayi. Ba a je neman wani gida mai allo a ƙofa ba. A filin kasuwar aka zauna, yara uku suka karanta baitocin Alhaji Umaru da suka koya, a garin da mai waƙar ya zauna ya koyar. Wasu dattawan garin da ke wucewa suka tsaya, ɗaya ya gyara wa yarinya karatun wata kalma.

A Wankan Bayi ne abin da ba a shirya masa ba ya taso. Wata ɗaliba ta tambayi dattijon: "Baba, su wa ke sayen bayin?" Bai kauce ba. Ya ce fatake ne, har da namu, kuma mutum yana cikin hajar da ake musaya da goro. Ɗan jagoran garin ya ƙara da hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin Babatu a ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda suka cika kasuwanni da kamammu. A cikin yaran 18 akwai jikokin Zabarmawa, akwai na Gurunsawa. A mota aka fara jifan juna da magana, wani ya kira wani bawa, aka kusa dambe.

Da dare malamin ya tara su. Bai rufe zancen ba, bai kuma nemi wanda ya fara ba. Ya sa kowa ya faɗi abin da ya sani na yadda kakansa ya zo Kumasi. Fiye da rabi ba su sani ba. Aka mayar da wannan aikin gida: kowa ya tambayo. Yaron da ya yi zagin ya ba da haƙuri washegari a gaban dattijon, amma yaran biyu ba su koma magana sosai ba har ƙarshen zangon karatu.

2024: komawa Manhyia

A farkon watan Mayu na 2024 gidan tarihin Manhyia ya baje kayan sarautar Asante da aka dawo da su, shekara 150 bayan yaƙin 1874. Guda 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan suka zo, a matsayin aro na shekara uku, wasu bakwai kuma daga wani gidan tarihi na Amurka, su an dawo da su ke nan. Makarantar ta tsara yawon kusa a kan wannan.

Zaman Asabar na wannan karon ya tsaya kan Musulmin da ke Kumasi tun kafin Turawa su ci ta. Jakadun Ingila biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun tarar da su a birnin, suna yi wa Asantehene Osei Bonsu rubuce-rubuce da layu. Yawancinsu mutanen Gwanja da Dagwamba da Wangarawa ne, kuma malamin ya nanata wannan don kada 'ya'yan Hausawa su ɗauka komai nasu ne. Ya nuna musu hoton babbar rigar yaƙin Asantehene, batakari da aka lulluɓe da layu. Ya gaya musu akwai tarin takardun Larabci na Kumasi na wancan zamani a ɗakin karatun masarautar Denmak a Kopenhagen, waɗanda ake danganta ɗaukarsu da yaƙin Katamanso na 1826.

An shiga gidan tarihin rukuni-rukuni, mutum 15 kowanne, kowane yaro da tambaya ɗaya a rubuce. Aka yi azahar a kan lokaci, sannan aka wuce Besease. Yara huɗu suka zaɓi zama a waje, ba wanda ya matsa musu. Sauran sun auna tsakar gidan da taku, suka zana ɗakuna huɗun da ke fuskantar juna, da jan yumɓun ƙasan bango da farin samansa, da adon da aka fitar a jiki. Bosomtwe an bar shi ga malamin kimiyya a wata rana dabam, daga kan tsauni ake kallo, ba a sauka bakin ruwa da yara.

Bas ɗaya ta cika, aka ƙara ƙaramar mota. A takardun da aka rubuta bayan dawowa, tambayar da ta fi maimaituwa ita ce yadda za a ce an ara wa mutum kayansa. Ba a kawo ƙorafin salla ko na ɗakin tsafi a taron iyaye na gaba ba.

Abin da ya yi aiki, da abin da ya saura

Gyaran 2019 da na 2022 sun faɗi ne saboda duka biyun sun ɗauka matsalar farashi ce ko nishaɗi. Na 2022 ya fi muni, domin ya cire duk abin da ya sa ake kiran fitar yawon ilimi, ya bar yara da ruwa mai zurfi ba aikin yi. A ganina wannan shawara ce da bai kamata a ce ta wuce teburin shugaban makaranta ba.

Adashi ya warware kuɗi, maganar liman ta warware tsoron iyaye, rage wurare ya ba da lokacin salla da na kallo. Amma waɗannan share hanya suka yi. Abin da ya sauya yaran shi ne zaman Asabar. Tsohon gida ko filin kasuwa ba ya faɗa wa baƙo komai in bai zo da wani abu a kansa ba, kuma yaran zango suna da abin zuwa da shi wanda ɗaliban manyan makarantun birnin ba su da shi: harafin da suka koya a allo, da kakanni masu sauran labari. Da suka ga sawun nasu a Salaga, sai suka shiga Manhyia a matsayin mutanen da tarihin gidan ya shafa.

Rikicin Wankan Bayi kuskuren shiri ne. An koya wa yaran goro da waƙa, aka tsallake bauta, alhali ita ce abu na farko da Salaga ke nuna wa mai ziyara. Yanzu an ware mata Asabar guda cikin shidan, kuma dattawa biyu ake gayyata, ba daga ƙabila ɗaya ba.

Akwai abubuwan da ba su warware ba. Mata biyar cikin 18 kaɗan ne, kuma iyaye da yawa har yanzu ba sa yarda 'ya mace ta kwana a waje ko da uwa a tawagar. Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya yi mafi yawan rubutunsa, ba a kai ga zuwa ba: tana buƙatar wani fiton dabam da ƙarin kwana, kuma yawancin tsohon garin yana ƙarƙashin tafkin da ya taru bayan kammala Akosombo a 1965, wanda ya tashi mutane wajen 80,000 daga matsugunansu. Sannan tafiyar nesa ta dogara ƙwarai da dattijo ɗaya wanda ƙafa ta fara ba shi wahala. Malamin ya sa 'yan aji na biyu suna zuwa gidansa da waya duk Lahadi bayan la'asar suna naɗar labaransa, kuma ya ƙara kwana ɗaya a jadawalin Salaga saboda jiran jirgi a Yeji.